Ku Tambaya, Mu Amsa: Littattafan Hotuna na Yara da Matan da Suka Karanci Sama

A fitowar da ta gabata na ambata, cikin layi biyu kacal, cewa akwai littattafan hotuna na yara da ke ba da labarin matan da suka share fage a ilmin yanayi, ban kuwa zaci maganar za ta ja hankali ba sai da wasiƙu suka fara shigowa daga unguwannin Legas. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ina da 'ya mai shekara bakwai wadda tun da aka yi wani ruwa da ya shigo mana har tsakar gida a watan Yuni ta hana ni sakat da tambaya. Tana son ta san wanda ke gaya wa mutanen rediyo cewa za a yi ruwa, da kuma dalilin da ya sa wani girgijen ke zubar da ruwa, wani kuma ya wuce abinsa. Na ga irin littattafan da kika ambata a wani kanti a Ikeja, amma da Turanci suke, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa cefanen kwana biyu. Su wane ne matan nan, kuma littafin da rubutunsa bai taka kara ya karya ba ya cancanci wannan kuɗi?
Daga wata uwa, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raya miki ita, kuma kada tambayoyin nan su gundure ki, domin tambayarta ta biyu ita ce ainihin wadda wata mata ta kwashe fiye da shekara hamsin tana bi. Sunan matar Joanne Simpson, an haife ta a birnin Boston na Amurka a 1923, ta rasu a 2010, kuma ita ce mace ta farko a ƙasar da ta samu digirin digirgir a ilmin yanayi, a Jami'ar Shikago a 1949. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ɗauke ta tana koya wa samarin rundunar sojan sama yadda ake karanta yanayi, amma da yaƙi ya ƙare sai aka so ta tattara nata ya nata ta koma gida. Babban malamin sashen, Carl-Gustaf Rossby, wanda sunansa ya yi tambari a fannin, ya faɗa mata cewa babu macen da ta taɓa samun wannan digiri, kuma ko ta samu babu mai ɗaukar ta aiki. Da ta ce girgije take son nazari bai hana ta ba, don a ganinsa girgije ƙaramin batu ne da manyan masana ba su damu da shi ba, saboda haka babu asara idan mace ta ɓata lokacinta a kai.

A wancan zamani ana ɗaukar girgije tamkar hayaƙi ne da ke biyo bayan wuta, wato alamar abin da iska ta riga ta aikata. Simpson ta riƙa shiga jirgin sama tana ratsa gizagizan da ke saman teku, tana ɗaukar hotunansu, tana auna zafi da damshin da ke cikinsu da kewayensu, sannan ta zauna ta yi lissafi da hannu, domin kwamfuta ba ta wadatu ba tukuna. A 1958 ita da malaminta Herbert Riehl suka bayyana cewa dogayen gizagizan ƙasashe masu zafi, waɗanda kansu kan kai kilomita 15 a sama, suna aiki ne kamar bututu, suna kwasar zafi da damshi daga fuskar teku suna kai su can ƙololuwa, daga nan iska ta rarraba zafin zuwa sassan duniya masu sanyi. Sun kira su hasumiyoyi masu zafi, daga baya kuma aka gane cewa su ne ke ciyar da manyan guguwowin teku. Irin girgijen nan ne 'yarki ke gani ya tokare sama da yamma a watan Mayu ko Yuni, gindinsa baƙi ƙirin, kansa ya baje kamar faifai. Ki gaya mata cewa kowane girgije tarin ƙananan ɗigogin ruwa ne da ba su da nauyin faɗowa, kuma sai girgije ya yi tsawo da kauri ɗigogin ke karo da juna suna haɗewa, wasu su daskare a can sama inda sanyi ya tsananta, har su yi nauyin da iska ba za ta iya riƙe su ba. Wanda bai kai wannan matsayi ba shi ne ke wucewa abinsa.

Ƙarshen labarin Simpson yana da daɗin faɗa wa yaro. A 1983 ƙungiyar masana yanayi ta Amurka ta ba ta lambar yabonta mafi girma, wadda ke ɗauke da sunan Rossby ɗin nan da ya sare mata gwiwa, a 1989 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar. Ta jagoranci ɓangaren kimiyya na wani tauraron ɗan'adam da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, da Japan suka harba a 1997 don auna ruwan sama a yankunan zafi, wanda ya yi aiki har 2015, kuma Nijeriya baki ɗayanta tana cikin yankin da yake leƙawa. Akwai littafin hotuna a kanta mai suna Breaking Through the Clouds, na Sandra Nickel, da ya fito a 2022.

Wadda labarinta ya fi kusa da halin da muke ciki, a ganina, ita ce Anna Mani ta Indiya, wadda aka haifa a yankin Kerala a 1918, ta rasu a 2001. Ana ba da labarin cewa da ta cika shekara takwas aka so a saya mata 'yan kunne na lu'ulu'u kamar yadda aka saba a gidansu, sai ta ce ita kundin ilmi na Britannica take so. Ta yi bincike a Bangalor ƙarƙashin C. V. Raman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1930, ta rubuta kundin digirin digirgir, amma aka ƙi ba ta digirin bisa hujjar cewa ba ta da digiri na biyu. Ta tafi Landan a 1945 ta koyi ilmin na'urorin auna yanayi, ta dawo a 1948 ta kama aiki a hukumar yanayi ta ƙasarta a birnin Pune, a lokacin da Indiya ta samu 'yancin kai amma ma'aunin zafi da na ruwan sama duk daga waje ake sayo su. Ita ta daidaita tsarin ƙera na'urori kusan 100 don a riƙa yin su a gida, daga baya ta ƙera wadda ake ɗaurawa a balan-balan ta auna iskar ozon a sama, ta kuma yi ritaya a 1976 tana mataimakiyar babban daraktan hukumar. Duk wanda ya san yadda muke jiran kayan aiki daga tashar Apapa zai gane nauyin abin da ta yi.

Game da kuɗi kuwa, kada ƙarancin rubutu ya ruɗe ki, domin a littafin hotuna zanen ne ke ɗauke da rabin bayani. A daminar bara na karanta wa 'yar ƙanwata wani daga cikin irin waɗannan littattafai a nan Agege, an ɗauke wuta, ruwa na dukan kwanon rufi har sai na ɗaga murya. Ba ta jin Turancin sosai, saboda haka ina duba layi ina faɗa mata da Hausa. Da muka zo wani shafi da dogon girgije ya cika, sai ta ɗora yatsa a gindinsa ta bi shi har sama, ta tambaye ni me ya sa ƙasansa baƙi, samansa fari. Babu inda rubutun ya taɓo wannan, zanen ne ya haifar da tambayar, amsar kuma ita ce kaurin girgijen ne ke tare hasken rana ya hana shi isowa ƙasa. Washegari da la'asar na same ta a bakin ƙofa ta ɗaga kai sama, hannu a goshi, tana neman mai baƙin gindi. Saboda haka kafin ki biya, ki buɗe littafin ki duba ko ya nuna matar tana aiki, tana auna wani abu, tana kuskure tana sakewa, ko kuwa shafi bayan shafi kirari ne kawai na cewa mace ma za ta iya. Na biyun nan bai cancanci cefanenki ba. Idan na farkon ne, ku haɗa kuɗi ke da maƙwabta biyu ku saya ya zagaya gidajenku, domin littafi ɗaya kan ishi yara goma idan an yi masa bango da leda.

TAMBAYA: Malama, ni ɗan kasuwa ne a Mil 12, ina harkar tumatir da tattasai. Abu biyu ke damuna. Na farko, ruwan sama na Allah ne, kuma mun karanta cewa Shi ne Ya san saukarsa, to koya wa yara cewa wata mata ta gano sirrin girgije ba zai taɓa imaninsu ba? Na biyu, me ya sa kullum sai matan wasu ƙasashe za a nuna wa 'ya'yanmu?
Daga wani mahaifi, Mil 12.

AMSA: Alhaji, Allah Ya yi wa kasuwa albarka. Ayar da kake nufi ita ce ta ƙarshen Suratu Luƙman, kuma fassararta da hukuncin da ke cikinta na malamai ne, ba na mai wannan fili ba. Abin da zan iya bayyanawa shi ne irin aikin da mai hasashen yanayi ke yi, don ka auna shi da kanka. Yana duba zafin iska da damshinta da nauyinta da inda ta dosa, ya haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, sannan ya ce akwai yiwuwar ruwa gobe, wani lokaci ma ya faɗi yiwuwar da kaso cikin ɗari, domin shi kansa ya san yana iya kuskure. Wannan bai bambanta a asali da abin da kakanninmu ke yi ba idan suka ga shamuwa ta iso, ko gawo ya fara zubar da ganye, ko hadari ya haɗo daga gabas, suka ce a gyara fartanya, da yardar Allah damina ta kusa. Kai ma, Alhaji, idan aka bugo maka waya daga Kadawa aka ce noman rani ya ƙare, ruwa ya sauka, ka san kwandon tumatir zai yi tsada a Mil 12 kafin makonni kaɗan, kuma babu wanda zai ce ka yi da'awar sanin gaibu. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai fara da lokacin da zai ɗauke a sassan ƙasar, don manomi ya rage asarar iri.

Inda damuwarka ke da tushe shi ne a littafin da ke nuna masanin kimiyya tamkar mai iko da sama. Tarihin Simpson kansa yana da maganin wannan, idan marubuci bai ɓoye shi ba. Ta taɓa jagorantar wani shiri na gwamnatin Amurka mai suna Stormfury, wanda a cikinsa ake watsa wani sinadari cikin gizagizan guguwar teku daga jirgin sama da fatan a karya ƙarfinta. An kwashe kimanin shekara 20 ana gwadawa, aka rufe shirin a 1983 bayan an gane cewa sauye-sauyen da ake zaton sinadarin ne ya jawo su, guguwar kan yi su da kanta ko ba a taɓa ta ba. Idan kana karanta wa 'ya'yanka labarinta, ka ƙara musu wannan da bakinka, domin ya fi kowane wa'azi nuna musu iyakar ɗan'adam, ya kuma koya musu cewa masanin kirki shi ne wanda ke yarda idan gwajinsa ya faɗi.

Tambayarka ta biyu ta fi ta farko ciwo, kuma ina tare da kai a cikinta. Gaskiya ne akwai baƙar fata a jerin, kamar June Bacon-Bercey, wadda ta kammala karatun ilmin yanayi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a 1954, ta riƙa gabatar da hasashen yanayi a talabijin a birnin Buffalo, a 1972 kuma ta zama mace ta farko kuma baƙar fata ta farko da ƙungiyar masana yanayi ta Amurka ta ba shaidar ƙwarewa a wannan aiki. Da ta ci dala 64,000 a wata gasar kacici-kacici ta talabijin, sai ta kafa asusun tallafa wa 'yan mata masu karanta fannin. Gaskiya ne kuma tun watan Janairun 2024 mace ce, Celeste Saulo 'yar Ajantina, ke shugabantar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, karo na farko tun kafuwarta a 1950. Amma duk waɗannan na nesa ne. A nan Oshodi, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga kasuwarka, akwai cibiyar horar da ma'aikatan yanayi da ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka, a Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, mai nazarin yanayi da ruwa da noma, da aka kafa a 1974 bayan farin da ya addabi yankin Sahel. Mata suna karatu suna aiki a irin waɗannan wurare da filayen jiragen samanmu, suna tashi da asuba su karanta na'urori. Rumbun littattafan yara na Hausa ya fi cika da tatsuniyoyi da littattafan koyon karatu, tarihin masu irin wannan aiki kuwa fili ne da ke jiran mai noma, kuma laifin rashin nomansa ba na marubutan Amurka ba ne.

TAMBAYA: Malama, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata makarantar firamare. Na karanta cewa wata mata ce ta fara gano ɗumamar yanayi, maza suka ƙwace mata. Haka ne? Kuma zan iya maimaita gwajinta a aji?
Daga wata malama, Idi-Araba.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma an ƙara mata gishiri, kuma tun da yara za ki koya wa ya kamata a tace ta. Matar ita ce Eunice Foote, Ba'amurkiya, wadda ta rayu daga 1819 zuwa 1888. A 1856 ta samu dogayen tulunan gilashi biyu ta sa ma'aunin zafi a cikinsu, ta riƙa cika su da iska iri daban-daban tana ajiye su a rana. Ta ga cewa iska mai damshi ta fi busasshiya ɗaukar zafi, sannan tulun da ta cika da iskar kabon, irin wadda ke fita idan an ƙona itace ko mai, ya fi kowane zafi, ya kuma fi daɗewa kafin ya huce. Daga nan ta rubuta cewa da sararin samaniya zai ƙunshi wannan iska da yawa, da duniya ta yi zafi. An gabatar da takardarta a taron masana kimiyya a birnin Albany a watan Agustan shekarar, amma wani namiji, Joseph Henry, shi ya karanta ta a madadinta. An buga ta a mujallar kimiyya, sannan aka manta da ita har sai wajen 2011 da wani masanin ƙasa mai ritaya ya tono ta.

Wannan duk gaskiya ne, kuma an yi mata rashin adalci na mantuwa. Sai dai kayan aikinta ba su iya rarrabe hasken da ke zuwa daga rana da zafin da ido ba ya gani wanda ƙasa ke mayarwa sama ba, alhali yadda iskar ke riƙe wannan zafi na biyu shi ne ainihin abin da ke ɗumama duniya. John Tyndall ne ya auna shi a Landan a 1859 da na'urori masu inganci, Svante Arrhenius kuma ya lissafa a 1896 yadda zafin duniya zai ƙaru idan iskar kabon ta ninka. Saboda haka abin da za ki faɗa wa yara shi ne ita ce ta fara danganta wannan iska da zafin duniya ta hanyar gwaji, wasu suka zo suka bayyana yadda abin ke faruwa. Littafin da ya mai da labarin faɗa tsakanin jaruma da ɓarayi ya fi daɗin karantawa, amma yana koya wa yaro cewa ilmi ganima ce ta mutum ɗaya. Bincikenta kan damshi kuwa 'yan ajinki sun san shi a jikinsu: duk yaron da ya taɓa zuwa Kano hutun Disamba ya san yadda dare ke sanyi ƙarara a busasshiyar iskar hunturu, alhali a Legas damshin teku kan riƙe zafin rana har cikin dare.

Ban ba ki shawarar maimaita gwajin a aji ba, domin da gorunan roba sakamakon kan fito yadda ya ga dama, ki ji kunya a gaban yara. Ku yi ma'aunin ruwan sama maimakon haka. Ki samu gorar ruwa ta roba mai miƙaƙƙen jiki, ki yanke wuyanta ki kife shi ciki ya zama mazurari, ki zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta ture ta, ki ƙara ruwa har ya rufe tsakuwar, ki ja layi a nan ya zama sifiri, sannan ki manna rula daga layin zuwa sama. A ajiye ta a fili, nesa da indararo da bishiya, a karanta ta kowace safiya a lokaci guda, a rubuta a allo, a zubar da ruwan a maido shi kan layi don kada sauro ya samu wurin ƙwai. Milimita 1 na nufin lita 1 ta sauka a kan kowace murabba'in mita. Idan rufin ajinku ya kai murabba'in mita 100 aka kuma yi ruwan milimita 20, to lita 2,000 ce ta sauka a kansa, wato jarka 80 irin mai lita 25 da 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. Ki bar yaran su yi wannan lissafi da kansu, za ki ga yadda idanunsu za su buɗe.

TAMBAYA: Akwai inda zan samu irin waɗannan littattafai kyauta, ko da Hausa?
Daga wani ɗalibi, Alaba Rago.

AMSA: Ƙanena, akwai hanyoyi biyu a intanet. Rumbun African Storybook yana da littattafan hotuna na yara cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa, ana karantawa a waya ko a sauke a buga. StoryWeaver na kamfanin Pratham Books na Indiya shi ma kyauta ne, a can ne kuma za ka samu littafi kan Anna Mani mai suna Anna's Extraordinary Experiments with Weather. Lasisin littattafansu ya ba kowa izinin fassarawa muddin ya ambaci masu asalin aikin, saboda haka ɗalibi mai Hausa a baki da waya a hannu yana iya mai da shi Hausa cikin 'yan kwanaki.

TAMBAYA: Anti, ina zane tun ina ƙarama, kuma ina son in yi littafin hotuna da Hausa kan wata mai aikin hasashen yanayi. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da kalmomin kimiyya da babu su a Hausa?
Daga wata matashiya, Obalende.

AMSA: Ƙanwata, wasiƙarki ce ta fi faranta mini rai. Ki fara da mutum mai rai, wato ki nemi izini a hukumance ki ziyarci tashar auna yanayi, ki zauna da wata ma'aikaciya idan ta amince, ki ga yadda ranarta ke tafiya, ki zana hannunta a kan na'ura da littafin da take rubuta alƙaluma a ciki. Kada ki sa mata a baki maganar da ba ta faɗa ba, ki kuma nuna mata aikin kafin ya fita. Masu zana Eunice Foote dole suke ƙirƙirar fuskarta don ba a samu hoton da aka tabbatar nata ne ba, ke kuwa taki tana nan za ta zauna a gabanki. Littafin hotuna yawanci shafi 32 ne, saboda haka rayuwa ɗungurungum ba za ta shiga ba. Ki zaɓi tambaya ɗaya da ta dame ta tun tana yarinya ki bi ta har ƙarshe, shekaru da sunayen makarantu kuma ki tara su a shafin baya don iyaye da malamai.

Batun kalmomi bai kai yadda kike tsoro ba, domin a fannin yanayi Hausa ba matalauciya ba ce. Muna da bazara da damina da kaka da hunturu da rani, muna rarrabe hadari da gajimare, yayyafi da marka, hazo da raɓa, iska da guguwa, muna kuma cewa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yaron da aka haifa a Legas yana iya girma bai taɓa jin rabin waɗannan ba, don haka littafinki zai yi aiki biyu a lokaci guda. Inda babu kalma, ki bayyana aikin abin, kamar ma'aunin nauyin iska ko balan-balan mai ɗauke da na'ura, ki bar zanenki ya ƙarasa bayanin. Ki kuma gina labarin a kan samanmu, ba a kan dusar ƙanƙarar da yaranmu ba su taɓa takawa ba. Ƙurar hunturu da ke sa jirage jinkiri a Ikeja, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Hadarin da ke taso mana daga gabas, wani jerinsa kan ratsa Afirka ta Yamma ya faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal, ya girma ya zama irin guguwar da Simpson ta ƙare rayuwarta tana nazari, har ta isa gaɓar Amurka. Yarinyar da ta ga hadari ya wuce ta kan gidan kakarta a Katsina tana da haƙƙin sanin inda ya dosa.

Idan kina neman shafukan tsakiya, ga shawara ɗaya. A watan Agusta, lokacin da Kano ke cikin marka, sama ta rufe kwana da kwanaki, Legas kan samu ɗan tsaikon ruwa na 'yan makonni, saboda layin da damina ke bi ya haura can arewa, sai ya juyo kudu a watan Satumba ruwa ya dawo mana. Ki zana kaka a hagu tana tara ruwan indararo a Kano, ki zana jikarta a dama tana shanya kaya a Obalende, duk a rana ɗaya, waya a kunnen kowace, sannan ki sa ma'aikaciyar taki a shafi na gaba da taswira a gabanta tana nuna musu dalili.